Tsanin Ƙarfe da Ƙyallayen Surukata

Gwaggo, ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filinki ba. Dariya ma nake yi wa masu rubutowa, ina cewa ba su da aikin yi. To yau ga ni, kuma a kan ciyawa.

Ni mai walda ne. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar mutane, inda ake sayar da ciyawa a tukunya har da takardar suna rataye a wuyanta. Maiɗakina ta biyo ni shekara uku da suka wuce. Ba ta daɗe ba wata tsohuwa da ke saman benenmu ta ba ta reshen wata fulawa mai yaɗo, mai faɗin ganye. Irinta ce ke hawa itatuwa a bayan garinmu, ko akuya ba ta kallonta. Ba ta 'ya'ya, ba ta ƙamshi, ba a miya da ita. Amma ita aka ba wurin taga, kujerata aka tura bayan ƙofa. Kullum da safe ana goge mata ganye ɗaya bayan ɗaya. Ni ina dawowa daga aiki fuska duk hayaƙi, ba wanda ya taɓa goge ni.

Don ta hau sama, matata ta kafa sandar tsintsiya a tukunyar, ta naɗe ta da buhun algarara, ta ɗaure reshen da 'yan ƙyallaye, tana fesa wa buhun ruwa. Abin ya karkace kamar shingen malalaci. A gidan mai walda fa. Duk abokin aikin da ya shigo sai ya kalli sandar, ya kalle ni.

Wata uku ke nan surukata ta kwanta ciwo, matata ta tafi gida jinya. Ta bar mini amanar fulawar, da dokoki a takarda manne a jikin firji, kai ka ce jariri aka bar mini. Asabar ɗin farko na tumɓuke sandar. Na ƙera tsani na rodi mai hawa bakwai, na goge shi sumul, na shafa baƙin fenti. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyina zai shaida. Akwai wasu saiwoyi kamar igiya da suka fito daga jikin reshen suka shige cikin buhun, na bi su da almakashi, don ban ga amfanin saiwa a iska ba. Na ɗaure reshen da wayar ƙarfe, na murɗe da filaya. Sandar na mayar mata da kan tsintsiyarta ina shara. Ƙyallayen kuma na jefa a akwatin kayan aiki ina goge baƙin mai da su.

'Yar banzar fulawar ta ƙi. Ganye biyar sun yi rawaya sun zube, sauran sun sunkuyar da kai, wayar ta ci cikin reshe. Na ƙara mata ruwa, ta ƙara lalacewa. Na tura ta kusa da hita, abin ya daɗa muni. A sandar da nake raina kuwa ta hau har ƙarshe, wannan ba zan ɓoye ba. Na kai hotonta shagon fulawa, wajen wani mai ɗan gemu da ke gaisawa da tsirrai kamar surukansa. Ya dube ni kamar na yi kisan kai, sannan ya nuna mini irinta a kan kantar shagon.

Makon jiya surukata ta rasu. Mutumiyar kirki ce, ita ta tsaya mini lokacin da dangi ke cewa mai walda ba miji ba ne. Duk sanda matata ta nemi hoton fulawar, tsofaffi nake tura mata. Shekaranjiya da muka yi magana, muryarta duk ta dushe, ta ce in kula mata da ƙyallayen nan, daga tsohon zanen Inna ta yago su ranar da za ta taho. Na ce suna nan. Suna nan ɗin kuwa, baƙi ƙirin.

Saura kwana goma sha biyu ta dawo. In sayo ta shagon in musanya? Ko in ce sanyi ne ya buge ta? Na gaji, Gwaggo, na ƙona idona shekara da shekaru a kan ƙarfe, yau ciyawa ta tsayar da ni.

Mai Walda, daga nesa

AMSA

Malam mai walda, Allah Ya jiƙan surukarka, Ya ba maiɗakinka haƙuri.

Kada ka sayo wata. Wadda ta shekara uku tana goge ganyen nan, tun daga bakin ƙofa za ta gane baƙuwa. Sanyi kuma bai iya murɗa waya da filaya ba.

Yau ɗin nan ka kwance wayar a hankali. Saiwoyin da ka datse, da su take kamawa, da su take shan danshi, kuma ƙarfe mai santsi ba ya ba ta wurin riƙo. Janye ta daga hita, ka mayar da ita gefen taga. Kada ka sake ba ta ruwa sai ka tsoma yatsa ka ji saman ƙasar ya bushe. Yanki reshe ɗaya mai lafiya daga ƙasan gaɓa, ka sa a kwalbar ruwa, ko da uwar za ta ƙi tashi.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: sandar ta yi mata kaɗan, da ma tana bukatar abin da ya fi ta ƙarfi da tsayi. Tsaninka zai yi, in ka naɗe shi da algarara kana fesa masa ruwa. Ɗaure reshen da tsumma, sako-sako, yadda yatsa zai shiga. Sababbin saiwoyi za su fito daga gaɓoɓi, amma ba cikin kwana goma sha biyu ba. A rame za ta tarar da ita.

Saboda haka ka tura mata hoton gaskiya kafin ta kamo hanya, ka faɗi abin da ka yi ba tare da ka zagi fulawar ba. Ka ce irinta ce a bayan garinku. To mace ta bar kowa nata ta zo ɗaki ɗaya a ƙasar da ba ta san kowa ba, ka ga laifinta don ta ba wa 'yar garinku wurin taga? Batun kujerarka da fuskar da ba a gogewa, ƙorafi ne mai tushe. Ajiye shi sai zaman makoki ya wuce, ka faɗa mata da bakinka, ka bar almakashi a akwati.

Ƙyallayen kuwa, jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka wanke da hannunka har sau uku. Tabon ba zai fita duka ba, ka gaya mata wannan ma. Kada ka ɗaura su. Ninke su ka ajiye a gefen tukunyar. In ta dawo ita za ta ɗaura, kai ka riƙe mata tsanin ka yi shiru.

Allah Ya dawo da ita lafiya, Ya sanyaya muku zuciya ku duka biyu.