Taragon da Ya Iso Babu Mai Rakiya

Sabo, Badun, damina, 1955

Yaya Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da su Inna da dukan mutanen Kano. Bayan haka, Yaya, hankalina ba ya jikina. Jirgin shanu ya iso tashar Dugbe jiya da hantsi. Taragon da kuka loda ya iso, shanu duka da ransu, amma Malam, mijina, babu shi. Mutanen Alhaji Gwadabe, maigidan da ake sauke wa shanun, sun tarar da sandarsa da butarsa, ga jini a kan katakon da yake zama.

Kai ka san aikin nan. Saniya ta kwanta a tarago, sauran su tattake ta, dole mai rakiya ya dira cikin ƙahoni ya tashe ta, jirgi kuwa yana ta gudunsa. Na sha gaya masa ya koma fataucin goro, goro ba ya tunkuyi, sai ya yi mini dariya. Don Allah gaya mini gaskiya, ka gan shi ya hau da idonka? Tsoro nake ji.

Ƙanwarka, Saude.

Kano

Saude,

Salamu alaikum, da fatan alheri. Takardarki ta zo ta hannun masu goro. Ni na riƙe wa Hadi buta har ya hau, lafiyarsa ƙalau. Ki bar wannan gaggawar taki, tun kina ƙarama haka kike. Jinin zai yiwu na wata saniya ne, ƙaho kan karye a hanya. Kuma ba yau aka fara ba, mai rakiya ya sauka ɗiban ruwa a tasha, jirgi ya tashi ya bar shi yana ihu. Duk da haka zan bi layin, in sauka tasha tasha ina tambaya. Masu talla sun san masu rakiya kamar yadda kika san tukwanenki. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanki, Iliyasu.

Sabo, Badun

Yaya,

Ina gaisuwa. Gaggawa ka ce? An duba shanun, babu mai karyayyen ƙaho.

Alhaji Gwadabe ya zo da liman, suka tsaya a zaure. Ya ce, "Saude, haƙuri za ki yi. Jirgi nawa ya shigo bayan nasa? A yi sadaka, ki shiga takaba." Na ce, "Alhaji, ka nuna mini kabari, yau ɗin nan in shiga." Ai kuwa unguwar Sabo ta ɗauka, wai ba ni da tawakkali.

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na yafa mayafi na fita har Dugbe da ƙafa. Wata Bayarabiya mai dafaffiyar masara ta ga yadda nake, ta ce, "Pele, iyawo," wato sannu amarya, ta kai ni wurin tsohon da ke ɗaga wa jirgi tuta, yana jin Hausa. Ya ce layin ɗaya ne tak, shi ya sa jirgi kan tsaya a ƙananan tashoshi ya jira wani ya wuce. Ya ce kullum leburori na taka layin daga tasha zuwa tasha, in sun tsinci mutum, mai rai ko gawa, sai a bugo waya. Ba a bugo ba. Har na fara hamdala, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai dai gadar Jebba. Wanda ya faɗi a can, ba a tsintarsa."

Yaya, tun ranar ko ruwa na zuba a kwano sai in tuna da gadar nan. Kuwwar jirgi tana zuwa har ɗakina, kowacce sai na miƙe tsaye. Kana ina?

Saude.

Zungeru

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ki yafe mini maganar gaggawa. A Kaduna an gan shi. A Minna wata mai fura ta ce ya saya har ya tsokane ta. A nan Zungeru ma an gan shi, yana cewa wani jan sa ya ishe shi da kwanciya. Na ƙarasa Jebba, can babu wanda ya gan shi. Na tsaya bakin gada na dubi ruwan nan.

Da na juyo, a wata ƙaramar tasha kafin gada, wani lebura ya ja ni gefe. Ya ce manoma Nufawa sun riga su tsintar wani baƙo a gefen layi. Ba su kawo shi tasha ba, suna tsoron tambayar 'yan sanda, ƙauyensu suka kai shi. Na ce da rai? Ya ce a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi, iyakar abin da ya sani ke nan.

Na dawo nan neman mai jin Nufanci, gobe za mu shiga. Ki ce wa Alhaji ya dakata. Ban ce ki saki jiki ba, ni ma tsoron nake ji. Ki yi ta addu'a.

Iliyasu.

Jebba

Saude,

Salamu alaikum. Ni ne Hadi, Yaya ke rubuta mini. Jan san nan ne ya cilla ni waje. Mutanen ƙauye sun yi mini abin da uwa za ta yi, sai dai ba na jin bakinsu, ba sa jin nawa, ban sami mai aika miki ba. An ce sun so sa ki takaba kin ƙi. Allah ya saka miki.

Za mu shigo Dugbe ranar Alhamis a jirgin fasinja. Ki zo, ko da mutanen Sabo za su yi magana. Ki roƙi Alhaji ya turo ƙarfafan maza biyu, don ba zan iya saukowa da kaina ba, ƙafafuna ba yadda kika san su suke ba. Idan kin gan ni, ki fara duban fuskata.

Mijinki, Hadi.