Jinin da Ba a Ɗiba Ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, amma ban da kai ba ni da wanda zan gaya wa.

An yi mini aikin tiyatar a Kano bayan sadakar bakwai ɗinka. Ciwon cikin nan mai zagayawa baya ya tafi, na fara mayar da jiki. Ƙarin da ya fito mini a ciki yana jikin wata tsoka ce a bayan tumbi, mai taimakon narkar da abinci da daidaita sukari. Likita ya ce daga fatar da ke lulluɓe jijiya ya tsiro, kuma ba kasafai ake ganin irinsa ba, shi ya sa hoto ya kasa tantance shi. Da suka buɗe ni, a cikin jakarsa suka same shi, suka ɓare shi kamar gyaɗa.

Ko leda ɗaya ta jini ba a ƙara mini ba, Yaya. Jinin da ka bar girbin gero a Basirka, ka hau babur don ka ba ni, mota ta buge ka kafin Birnin Kudu, ba a neme shi ba. Sakamakon gwaji ma ya fito: ba cutar kansa ba ce. Da an ɗaga aikin zuwa bayan kaka, ba abin da zai same ni.

Masu zuwa dubiya suna yi mini barka da arziki, a zama ɗaya su yi mini ta'aziyya. Wanne zan amsa? Na san ajali ba ya wuce ranarsa, amma sanin bai hana ni sunkuyar da kai ba.

An yi gayya an shigar da geronka. Matarka Ladidi tana takaba, 'yarka Ummi ta fara tafiya.

Innarmu ce ban gaya wa sakamakon ba. Tana faɗa wa mutane cewa a hanyar ceton ƙaninka daga cutar kansa ka rasu, na kasa gyara mata. Amma ba ta iya cin abinci, tana jiran ciwon ya dawo ya ɗauke ni. Don kunyata zan bar ta cikin wannan fargaba?

Gobe zan je Basirka in gaya mata. Daga nan in shiga gaishe da Ladidi, ko da ban iya ɗaga ido ba.

Allah Ya kai haske kabarinka.

Ƙaninka da ya warke,
Sale