Yaya Zulaihat, Tun Kogi Bai Cinye Hanya Ba

Yaya Zulaihat,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sa'idu. Yaya gwiwar Inna? Yaya damina a Kirikasamma?

Ni lafiya lau, karatun ungozoma yana tafiya. Tsayuwar asibiti ce dai take sa ni barci da takalmi wani lokacin, amma kada Inna ta ji.

Yaya, ki yafe min rashin kunya. Na san ba a zancen cikin fari, balle ƙanwa da yayarta. Sai dai malamarmu ta ce duk ungozomar da ke jin nauyin tambaya, ta tuɓe farin kaya ta koma gida. Autarmu ta faɗa min zobenki ya daina shiga, kanki kuma yana yawan ciwo. Don Allah ki je asibiti a duba ko hawan jini ne. Sannan ki koma gidan Gwaggo a Haɗeja tun kogi bai cinye hanya ba.

Ki yi fushi son ranki. Ni dai in dawo in tarar da ke kina yi min faɗan da goyo a bayanki.

Allah ya raba lafiya.

Ƙanwarki,
Mardiyya