Daron Rana Ya Cinye Mana Burtsatse

Zuwa ga Dakta, shugaban masu binciken ruwa da suka sauka a ƙauyenmu, gabas da Dayi.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Ni ne mai rijiyar zartsin nan, wanda ya yi ta yi muku dariya da haƙora biyu. Aji huɗu na tsaya a firamare, a yi haƙuri da rubutuna.

Na farko. Kun ce rana za ta raba ruwa da gishiri a banza. Kuka ɗauki daron matata Hajara, kuka shimfiɗa baƙin ƙyalle da gawayin totuwar masara, kuka zuba ruwan zartsin, kuka rufe da farar leda. Gaskiya tururi yana taruwa, yana ɗiga, ruwan kuma da daɗi. Amma wuni guda moɗa biyu ce. Mu goma sha ɗaya ne a gidan, ban da surukata da ke shan na mutum uku.

Na biyu. Ranar da kuka kawo manya da mai ɗaukar hoto, na tarar da jarkar tara ruwan cike tun da hantsi. Ko dai rana ta yi aikin mako a safiya ɗaya don ganin baƙi, ko kuwa ledojin fiyawatan da na tsinta bayan rumbu suna da bayani. Ban ce an yi ba. Na dai tsinta.

Na uku, nan laifina ne. Aka tambaye ni gaban baƙi ko ruwa ya wadata, na ce alhamdulillahi, ya wadata. Dakta, a garinmu ba a kai kuka gaban baƙo. Ko da yunwa muka kwana, lafiya lau za mu ce masa. Yanzu kansila ya ce an cire mu daga jerin masu samun burtsatse, wai an ga hotona, matsalarmu ta ƙare. Maƙwabta sun daina amsa sallamata. Hajara ta koma ɗauko ruwa daga rafi, ƙaramar 'yarmu kuma cikinta ya sake ɓaci.

Masu cin riba awaki ne kaɗai: sun yaga ledar, suna lasar gishirin da ya bushe a ƙyallen.

Roƙona, ku rubuta wa ƙaramar hukuma gaskiyar moɗa biyun nan, a mayar da sunanmu. Ku kuma dawo da mai hoton, ba tare da baƙi ba, ya sake tambayata.

Allah ya ƙara basira, ya tsare ku da shan zartsi.

Wassalam.

Naku, Sule, wanda gari ke fushi da shi.