Shunin da Na Shafa Maka a Yatsa

Zuwa ga mijina Sadiƙu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta ba. Ko da kana raye, ɗan shekara biyu da rabi me ya sani sai yaga takarda? Wane irin miji ne kai, ka tafi ko kuɗin cefane ba ka bar wa kakarka ba?

Gida lafiya. An girbe dawa. Akuyarka ta haifi biyu. Ƙanwarka Hafsatu, wadda ka bari a ciki, ta cika wata tara, ta isa allurar ƙyanda. Uwarka ta rantse ba za a yi mata ba. Ko'ina faɗa take an yi maka, amma ƙyanda ta ɗauke ka. Mata uku a layinmu sun bi bayan uwarka, sun hana a yi wa nasu.

Sadiƙu, ba a yi maka ba. Ni na sani.

Ranar da masu riga-kafi suka zo, uwarka tana Doguwa wajen suna. Ka hango akwatinsu ka ƙanƙame ni kana ihu. Sai na ja ka ɗaki, na ɗauko jibi, maganin gyambon nan mai launin shuni, na shafa maka a ɗan ƙaramin yatsa, daidai inda suke sa wa yaran da aka yi wa alama. Suka duba, suka wuce. Har dariya na yi, wai na yi wa 'yan boko wayo. Uwarka ta dawo ta ga yatsa, ta yi mini godiya.

Kuma ni ce fa! Ni da ƙyanda ta kwashe wa ƙanne biyu a bazara ɗaya, tun babu allurar. Ni da na goya ubanka da ƙafa har Kiru aka yi masa, 'ya'yana shida babu wanda ƙyanda ta taɓa. Wa ya fi ni sanin amfaninta? Kukan minti ɗaya na hana ka, na saya maka kwana tara na zazzaɓi da idon da ba ya buɗuwa.

Jibi Laraba ake allura a asibitinmu. Gobe bayan azahar zan zaunar da uwarka in faɗa mata komai. Wataƙila ba za ta ƙara kallona ba. Ta tsane ni ɗin, in dai za ta ɗauki Hafsatu ta kai.

Allah Ya sa kai mai ceto ne ga iyayenka. Ni ban roƙa wa kaina ba.

Sai na zo,
Matarka tsohuwa, Iya Rabi