Jikata Kabula Ba Ta da Wutsiya

An cire shi, Yaya Masanja! Jikata ta rayu, har tana shan nono!

Ina gaisuwa. Ya iyali, ya shanu? Mu nan Darussalam lafiya lau, sai dai bencin asibiti bai san tsoho ba.

Ƙari ne aka haife ta da shi a bayan dubura, ba wutsiya ba. Da kaina na karanta takardar likita, da karatun yamman da kuke yi wa dariya.

Yaya, da kai na dogara, amma kai ka miƙe gaban dangi ka ce, "Mai wutsiya ba ta cin sunan mahaifiyarmu." Ko kallonta ba ka yi ba.

Na sa mata sunan, Kabula. Ku zo duka, har da kai, ku juya ta ku duba.

Ƙaninka,
Shija