Hatimin Aro da Tukwanen da Babu Komai a Cikinsu

Daga: Hajiya Tabawa Abdulbaƙi,
Mai shagon bokitai da tabarmi, layin bayan Adjamé Mairie,
Mazauniyar Williamsville, Abidjan.

Zuwa ga: Alhaji Abdulmuɗallib Mijinyawa,
Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Ƙananan 'Yan Kasuwa Hausawa,
Treichville, Abidjan.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025.

GAME DA: ARON HATIMINA DA ALHAJI JA'AFARU NU'UMAN YA YI A GABANKA, DA SAMMACIN DA YA BIYO BAYA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina a rubuce, tun da sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana ganawa. Ni nake faɗa, 'yata Ni'ima take rubutawa. In an ga kuskure a yafe mata, Hausarta ta Abidjan ce.

1. A taron ƙungiya na Lahadi, 8 ga Satumba, 2024, kai da bakinka ka ce lokaci ya yi da ƙananan 'yan kasuwa za su shiga kwangilar gwamnati, kuma mai takarda ya ɗauki marar takarda, yadda muka saba. Ina cikin waɗanda suka tafa maka. Ni mai takarda ce, domin Ni'ima ta matsa mini na yi wa shagona rajista, aka yanka mini hatimi da sunana. Kwangila ɗaya tak na taɓa yi, ta bokitai, kuma wahalar dosiye, wato haɗa takardun neman aiki, da sintirin ofisoshi ta sa na rantse ban ƙarawa.

2. Ranar Laraba, 2 ga Oktoba, Alhaji Ja'afaru Nu'uman, wanda takardunsa suka mutu, ya nemi aron nawa a ofishinka, kana zaune, shayi na gabanka. Ya ce kayan makaranta zai kai, aikin sati biyu. Ni'ima ta raɗa mini cewa a rubuta yarjejeniya. Da na buɗe baki, Alhaji Ja'afaru ya yi dariya ya ce ashe Yaya Tabawa ta zama Baturiya, yau kuma ɗan'uwa ake nema wa takarda. Kai kuma ka ce kai ne takardar. Kunya ta kama ni, na miƙa hatimi, na sa hannu a shafi bakwai na Faransanci waɗanda ban iya karantawa ba. Shekarata talatin da ɗaya a garin nan, yadda ake aron tukunyar biki haka na ga ana aron takarda, ban taɓa jin wanda ya ce a rubuta ba.

3. Ba zan ɓoye ba, da ya dawo da hatimin ya haɗo mini da turmin atamfa guda. Na karɓa na yi godiya. Na san za a ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To ga atamfar nan a akwati, ko almakashi bai taɓa ta ba, a zo a ɗauka.

4. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, gas ya kama a madafar wata makarantar firamare. Mai dafa wa yara abinci ta ciro jar tukunyar kashe gobara daga bango, ta matsa, ko iska ba ta fito ba. Ta ƙone a hannu biyu da fuska, har yau tana asibiti. Allah ya taƙaita, yara suna cikin aji. Sai a ranar 10 ga wata, da sammaci ya iso shagona a gaban maƙwabta da masu ciniki, na san cewa kayan makarantar da Alhaji Ja'afaru ya ce, tukwanen kashe gobara ne guda sittin da huɗu. Ɗan sandan da ke binciken ya shaida wa Ni'ima cewa tsofaffi ne aka sake wa fenti, aka manna musu sabuwar takarda. Sunan da ke jikin takardar nan nawa ne. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni da ko murhun gas ba na yarda in kunna da kaina.

5. An umarce ni in bayyana a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe. Lauyan da muka gani ya ce a idon hukuma babu wani Ja'afaru, ni ce na nemi aikin, ni ce na kai kayan, kuma in babu shaida in tafi da kayan sawa da maganina. Ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Shekarata hamsin da takwas, ina da hawan jini, ko ƙofar kotu ban taɓa takawa ba. Ko tasin woro-woro ne ya tsaya a ƙofar gidanmu, sai in ce 'yan sanda ne suka zo.

6. Alhaji Ja'afaru ya yi ɓatan dabo. Shagonsa a kulle, wayarsa a kashe. Masu dako a tashar Adjamé sun ce sun loda masa jaka a motar arewa. Amma iyalinsa suna nan Treichville, kuma kowa ya san ba ya wuce kiranka.

7. Wannan shi ne abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Mai binciken ya ce an gano tukwane ashirin da biyu, saura suna nan a makarantun da ba a tantance ba tukuna, domin takardun rabon na hannun wanda ya kai kayan. Ni suke tambaya, ni kuma wallahi tallahi ban san ko ɗaya ba. Shekaranjiya Alhamis na je ɗauko jikata Yasmin daga makarantarsu a Williamsville, 'yar aji biyu ce. Ta jawo hannuna tana murna, wai in zo in ga sunana a bangon ajinsu. Na je na gani. Tukunyar kashe gobara ce ja, sabuwa fil a ido, tana rataye dab da bencin da take zama. Na roƙi shugaban makarantar ya sauke ta. Ya ce ya ji, zai rubuta wa na sama, amma kayan gwamnati ba a taɓa shi sai da takarda.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon abu uku. Na farko, ka zo komisariya ranar Alhamis ka faɗi abin da ya gudana a ofishinka, ba ƙari ba ragi. Na biyu, ka sa Alhaji Ja'afaru ya dawo, in kuwa ya ƙi, ya aiko da sunayen makarantun kafin Litinin, ranar da yara za su koma aji. Na uku, a sanar a taro cewa a daina aron hatimi, ko wa zai ji haushi.

Ban rubuto don in ci mutuncinka ba, kai babba ne a wurinmu. Amma ranar nan ka ce kai ne takardar, na kuwa yarda. Ba ni da wata takardar da zan kai musu ranar Alhamis sai kai. Yasmin kuma na hana ta zuwa makaranta, sauran yara arba'in na ajinsu ba ni da ikon hana su.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa ka duba da wuri.

Taka mai biyayya,

Hajiya Tabawa Abdulbaƙi
(Na dangwala yatsa. Hatimin yana hannun mai bincike.)